Garmaho, CD, saukewa ko biyan wata: da wanne za ka tara waƙoƙin reggae?

Wanda reggae ya shiga jininsa, ya wuce jin waƙa ɗaya ko biyu a rediyo, dole wata rana ya zauna ya yanke shawarar inda zai zuba kuɗinsa. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: faifan garmaho, faifan CD, sayen waƙa a intanet a sauke ta, ko biyan kuɗin wata-wata ga manhajar sauraro irin su Spotify da Apple Music. Ga masu bin waƙoƙin zamani magana ta kusa ƙarewa, wayar hannu ta ɗauke komai. Reggae kuwa ba haka yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka haife shi.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, tun daga ƙarshen shekarun 1960, ba kundi ake fara yi ba. Waƙa ɗaya ake bugawa a ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, wanda ke juyi 45 a minti, a kai ta wurin masu manyan lasifika da ke haɗa rawa a fili. In jama'a sun karɓa, sai a buga da yawa. A bayan faifan kuma, daga farkon shekarun 1970, akan sa kiɗan waƙar ba murya, a rubuta masa Version, kuma daga nan ne dub, wato salon sake sarrafa kiɗan waƙa a situdiyo a fito da bes da ganga, ya tsiro a hannun injiniyoyin sauti irin su King Tubby. Saboda haka dubban waƙoƙi ba su taɓa shiga kowane kundi ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa zaɓin mai son reggae ya bambanta da na kowa.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko shi ne ƙasan sauti, wato bes. A reggae jitar bes ce ke jan ragamar waƙa, ba ado ba ce. Ka cire hannun makaɗin bes Aston Barrett daga waƙoƙin Wailers, ƙungiyar su Bob Marley, ko na Robbie Shakespeare daga abin da aka ɗauka a situdiyon Channel One, abin da zai rage maka ƙwarangwal ne. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, kuma lasifikar waya ba ta kai can ko kusa.

Na biyu, samuwa. Waƙar da kake nema tana nan? In tana nan, wace siga ce, don a reggae waƙa ɗaya takan fito da gauraye biyu ko uku mabambanta.

Sai kuɗi, da ƙarko, da sauƙin amfani, da haɗarin asara ko cuta. A ƙarshe akwai abin da wasu ba sa sa wa a lissafi amma ni ina sa wa: nawa ne ke isa hannun mawaƙi ko iyalansa. Tarihin reggae cike yake da mutanen da suka rera waƙar da duniya ta haddace, aka biya su sau ɗaya a ƙofar situdiyo, shi ke nan.

Faifan garmaho

Nan ne gidan reggae na asali, kuma nan zan fi daɗewa, don nan ne aka fi samun daɗi kuma aka fi yin asara.

Ta fuskar sauti, ƙaramin faifai mai juyi 45 da aka yanka da kyau yana da wani kauri da ke cika ɗaki. Injiniyoyin Kingston sun san faifan zai je gaban manyan lasifika ne, sai suka riƙa yanka shi da ƙarfi, bes a gaba. Faifai mai inci 12 da ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1970 ya ma fi, domin waƙa ɗaya ce ke shimfiɗe a duk fuskar faifan, murya ta ƙare dub ya ɗora ba tsayawa, layukan da allura ke bi kuma suna da fili. Sai dai in faɗi gaskiya, ba wai garmaho ya fi CD iya ɗaukar bes ba ne. A lissafin injiniya CD ya fi shi. Abin da ke faruwa shi ne sau da yawa faifan asali ne kaɗai ke ɗauke da gaurayen da aka yi a lokacin, yadda furodusa ya so a ji shi.

Ta fuskar samuwa babu mai kama ƙafarsa a tsofaffin waƙoƙi. Abubuwan da Coxsone Dodd ya fitar a Studio One da ke titin Brentford, da na Duke Reid a Treasure Isle, da na ƙananan furodusoshi da suka buga ɗari biyu ko uku suka ɓace, da yawansu a ƙaramin faifai kawai suke. In kana son ka bi kiɗa ɗaya ka ji yadda mawaƙa goma suka hau shi, abin da Jamaikawa ke kira riddim, a nan za ka fi samun biyan buƙata.

Kuɗi kuwa, a shirya. Kafin ka ji ko da waƙa ɗaya sai ka mallaki na'urar juya faifai, da amfilifaya mai mashigar garmaho, da lasifika. Allura tana cinyewa, akan canza ta bayan sa'o'i ɗari biyar zuwa dubu gwargwadon irinta, kuma allurar da ta mutu tana cin faifai. Sabon babban faifai guda, a Amurka ko Turai, yakan ci kuɗin wata biyu ko uku na manhajar sauraro. Tsofaffin ƙananan faifai da aka buga da yawa suna da araha, amma waɗanda ba su da yawa sukan kai ɗaruruwan daloli. Ga kuma kuɗin aikowa, wanda wani lokaci yakan fi kuɗin faifan.

Ƙarkonsa yana da ban mamaki in an kula da shi. Faifan da aka buga a 1968 yana nan yana waƙa. Amma maƙiyinsa zafi ne. Ka bar shi a mota ko kusa da taga rana ta doke shi, zai lanƙwashe, kuma da wuya ya koma daidai. A tsaye ake jera shi, ba a kwance ana ɗora wani kan wani ba, kuma ƙura tana shiga layukansa ta zama ƙaraf-ƙaraf a kunne.

Haɗarin da ya keɓanta da reggae shi ne ingancin bugun Jamaika kansa. A shekarun 1970, musamman bayan tashin farashin man fetur na 1973, an riƙa narkar da tsofaffin faifai ana sake bugawa da su. Sai ka sami faifai sabo fil yana shuu tun daga farko, ko ramin tsakiya ya kauce har murya tana lilo, ko an manna takardar wata waƙa a kan wata. Masu tarawa sun saba da wannan har wasu na ganin yana cikin daɗin abin, amma sabon shiga ya sani kafin ya biya. Akwai kuma bugun bogi da ake sayarwa a matsayin na asali. In za ka saya a Discogs, dandalin da aka kafa a 2000 wanda masu faifai ke ciniki a kai, ka karanta darajar da mai sayarwa ya ba faifan, ka duba lambobin da aka zana kusa da takardar tsakiya, ka kuma nemi ya turo maka sautin kafin ka tura kuɗi. Ƙananan faifan Jamaika suna da babban rami a tsakiya, don haka kana buƙatar ɗan zoben da ake sa wa. Faifan dubplate kuwa, wanda ake yanka wa masu lasifika guda ɗaya tak, ba na yawan saurare ba ne, yana saurin cinyewa.

Tsohon faifai da ka saya a hannun wani ba ya kai wa mawaƙi ko sisi. Sabon bugu daga kamfani mai lasisi ne ke kaiwa.

Faifan CD

Mutane sun juya masa baya, ni kuwa ina ganin a yau shi ne ya fi kowanne riba ga mai son reggae na gargajiya.

Dalilin shi ne aikin da wasu ƙananan kamfanoni suka yi daga shekarun 1990. Blood and Fire, wanda aka kafa a Manchester a 1993 tare da masanin reggae Steve Barrow, ya riƙa nemo kaset na asali daga hannun furodusoshi, ya gyara sauti da mutunci, ya haɗa da ɗan littafi mai bayanin wanda ya kaɗa me, a wane situdiyo, a wace shekara. Kundin Heart of the Congos, wanda Lee Perry ya ɗauka a situdiyonsa na Black Ark a 1977, mutane da yawa ba su ji shi da kyau ba sai da wannan kamfani ya sake fitar da shi a 1996. Pressure Sounds ya bi wannan hanya, Soul Jazz na Landan kuma ya ɗauki taskar Studio One yana fitarwa kashi-kashi. Wannan ɗan littafin da ke cikin kwalin ba ƙaramin abu ba ne. A kiɗan da aka daɗe ana danne sunayen makaɗa, a nan ne za ka san wa ya buga gangar da ke motsa ka.

CD ne kuma ya fi warware matsalar siga. Catch a Fire na Bob Marley da Wailers an ɗauke shi a Kingston, sannan Chris Blackwell na kamfanin Island ya ƙara masa jita da madannai a Landan kafin ya fita a 1973, don ya shiga kunnen Turawa masu jin rock. Bugun CD biyu da aka yi a 2001 ya haɗa sigar Jamaika da ta Landan, ka saurara ka zaɓa da kanka. Haka Marcus Garvey na Burning Spear, na 1975, yakan zo a CD guda tare da dub ɗinsa Garvey's Ghost, tunda faifan yana ɗaukar kusan minti 80.

Kuɗinsa ya faɗi warwas a kasuwar na hannu, ban da waɗanda aka daina bugawa, irin wasu na Blood and Fire, da suka fara tsada. Ba ya cinyewa da saurare, don haske ne ke karanta shi ba allura ba. Karce mai zurfi yana sa shi tsalle, wasu bugu na ƙarshen shekarun 1980 kuma sukan yi tsatsa daga ciki. Wahalarsa ta yau ita ce na'ura: sababbin kwamfutoci da motoci da yawa ba su da wurin sa shi. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka kwafe shi zuwa kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ke matse fayil ba tare da rage ingancin sauti ba, ka ajiye faifan a matsayin madogara.

Haɗarinsa ɗaya ne babba, tarkacen kundaye masu araha. Waƙoƙin da Wailers suka yi wa Lee Perry a 1970 da 1971 an sake tattara su a ƙarƙashin sunaye barkatai, da hoton Marley a bango, sauti kamar daga cikin rijiya. Ka duba sunan kamfani kafin sunan mawaƙi. Trojan, Island, Greensleeves, VP, Heartbeat da waɗanda na ambata a sama sun fi zama abin dogaro.

Saye da saukewa

Wannan CD ne ba kwali. In ka sayi FLAC, sautin daidai yake da na CD, kundi guda yakan ci wajen megabait 300. MP3 mai kilobit 320 a daƙiƙa ma ya wadatar da yawancin kunnuwa. Farashi yakan yi ƙasa da na sabon CD, babu kuɗin aikowa, babu jira, kuma kana iya sayen waƙa ɗaya tak, wanda ya dace da kiɗan da dama can ɗaiɗai aka haife shi.

Inda ya fi haske shi ne wajen mawaƙan da ke raye suna aiki da ƙananan kamfanonin dub. A Bandcamp kaso 15 cikin ɗari dandalin ke cira daga cinikin saukewa, sai ɗan kuɗin hada-hada, sauran ya tafi ga mai waƙa ko kamfaninsa. Babu wata hanya cikin huɗun nan da ke kai kuɗinka kusa da mawaƙi kamar wannan.

Rauninsa biyu ne. Manyan kundayen da ke hannun manyan kamfanoni ba duka ake samu a can ba, sai a shagunan irin su iTunes ko Qobuz. Sannan ajiya tana wuyanka: rumbun kwamfuta yana mutuwa ba sallama, waya tana ɓata. Wanda bai ajiye kwafi biyu a wurare biyu ba, bai mallaki komai ba tukuna. Shafukan saukewa kyauta kuwa ban sa su a lissafi ba, sauti gurɓatacce, sunaye a hargitse, ga ƙwayar cutar kwamfuta.

Biyan wata-wata

A sauƙi da arahar farawa babu gasa. Da wayar da ke hannunka za ka ji Toots and the Maytals, ka wuce Dennis Brown da Gregory Isaacs, ka gangara lovers rock, reggaen soyayya na Landan, wajen Janet Kay, ka haura zuwa juyin da kiɗan Sleng Teng ya kawo a 1985 lokacin da King Jammy da Wayne Smith suka gina waƙa a kan ƙaramin madannin Casio, ka ƙare da Lucky Dube na Afirka ta Kudu da Alpha Blondy na Kwaddibuwa, duk a yini ɗaya. Ga wanda bai san inda zuciyarsa ta karkata ba tukuna, wannan makaranta ce da babu irinta a da. Sauti ma ya inganta, Apple Music ya fara bayar da ingancin CD tun 2021, Tidal da Deezer su ma suna bayarwa. Ka dai lura da data: saurare a 320 yana cin wajen megabait 144 a sa'a, ingancin CD kuma ya ninka haka.

Amma haya ce. Ranar da ka daina biya, abin da ka sauke a cikin manhajar ya rufe. Ko kana biya ma, kundi yakan ɓace dare ɗaya in lasisi ya ƙare ko taskar ta koma hannun wani kamfani, kuma haƙƙin mallakar tsofaffin waƙoƙin Jamaika a cukurkuɗe yake fiye da na yawancin kiɗa. Abin da ya fi damuna shi ne rikicin siga. Ka nemi waƙar da ka sani, a ba ka wadda mawaƙin ya sake rerawa bayan shekara ashirin da kiɗan kwamfuta, ba tare da wani bayani ba. Shekarar da ake rubutawa sau da yawa ta sake fitarwa ce ba ta asali ba, sunayen makaɗa babu, bayan faifai kuma, wato Version ɗin nan, galibi an bar shi a baya. YouTube yana cike wannan giɓi, don masu tara faifai suna ɗora abubuwan da babu su ko'ina, sai dai ingancin ya danganta da allurar wanda ya ɗora, kuma ana iya cirewa kowane lokaci.

Abin da ke isa ga mawaƙi a kowane saurare ɗan mitsitsi ne. Tun 2024 ma Spotify ba ya biyan kuɗin ɗauka ga waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba, kuma tsofaffin waƙoƙin reggae da ba su shahara ba da yawa a wannan rukuni suke.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Garmaho | CD | Saukewa | Biyan wata |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Mai yawa | Kaɗan | Kusan babu | Kusan babu |
| Kuɗin ci gaba | Mai yawa | Kaɗan a na hannu | Matsakaici | Kaɗan, amma ba ya ƙarewa |
| Ƙarko | Shekaru da dama in an kare shi daga zafi | Mai kyau | Ya danganta da ajiyarka | Babu, haya ce |
| Sauƙi | Sai a gida, sai da kula | Matsakaici | Mai sauƙi | Mafi sauƙi |
| Tsofaffin waƙoƙi ɗaiɗai da dub | Mafi yawa | Zaɓaɓɓu masu kyau | Wasu | Akwai giɓi |
| Babban haɗari | Lanƙwasa, bugun bogi | Tarkacen kundaye | Mutuwar rumbu | Ɓacewar waƙa, rikicin siga |
| Rabon mawaƙi | A sabon bugu kawai | A sabo kawai | Mafi tsoka | Ƙanƙani |

Kaset ban ba shi layi ba. Yana da daraja ga mai neman rikodin wasannin rawa na shekarun 1980 da aka riƙa yaɗawa hannu da hannu, amma zarensa yana miƙewa, na'urarsa kuma ta yi wuyar gyara.

Abu guda da jadawali ba zai nuna ba: kowace hanya ka ɗauka, in ta lasifikar waya za ka ji, ka yi asarar rabin waƙar. Kuɗin da za ka kashe a kan abin sa wa a kunne mai kyau, ko lasifika mai iya sauka ƙasa, ya fi canza maka reggae fiye da bambancin da ke tsakanin FLAC da garmaho. In kuɗinka na abu ɗaya ne, fara da wannan.

Wa ya dace da wanne

In yanzu ka fara, Marley kaɗai ka sani da wasu biyu ko uku, ɗauki biyan wata. Ka yi watanni kana yawo daga tsohon salon rocksteady zuwa dancehall na baya-bayan nan, kana rubuta abin da ka koma masa fiye da sau ɗaya. Kada ka sayi na'urar garmaho a wannan mataki.

In ka riga ka san cewa roots, wato reggae na gargajiya, da dub na shekarun 1970 ne abincin ranka, kana kuma son ka san tarihin abin da kake ji, CD na hannu daga kamfanonin kirki ya fi maka, ka kwafe su zuwa wayarka. Wannan ne zaɓin da nake ba yawancin mutane, don yana haɗa sauti mai kyau da bayani da mallaka a farashi mai sauƙi.

In sababbin mawaƙa kake bi, irin su Chronixx da Protoje da Koffee da ƙananan masu dub na Turai, ka saurara a manhaja, abin da ya kama ka kuma ka saye shi ka sauke, ko ka sayi faifansa kai tsaye daga kamfaninsu.

Mai yawan tafiya ko mai zama inda intanet ke yankewa, saukewa ce tasa, da katin ajiya a waya da kwafi na biyu a gida.

Garmaho kuwa na mutum biyu ne: mai haɗa kiɗa a gaban jama'a da ke son murya da Version a hannunsa, da wanda ya kai matsayin da waƙar da yake nema babu ita a ko'ina sai a ƙaramin faifan da aka buga a Kingston. In kana cikinsu, fara da sababbin bugu masu lasisi, ka tanadi wuri mai sanyi da inuwa kafin faifan farko ya iso, ka bar farautar bugun asali sai kunnenka da idonka sun iya bambance na gaske da na bogi.